Kafin Janwe Ta Shiga Harabar Makaranta

A shekarun baya, duk ɗan ƙasar Haɗejiya da ya gama sakandare yana neman ƙarin ilmi, sai ya ɗaure akwatinsa ya nufi Kano ko Zariya ko Maiduguri. Yau al'amari ya sake. Ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, wadda Gwamnatin Jihar Jigawa ta kafa a 2013, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin Haɗejiya kanta, wadda ta faro a matsayin makarantar koyon aikin gona. Ilmi ya zo har ƙofar gida, abin godiya ne. To, amma duk inda aka tara dubban mutane an tara ababen hawansu ke nan, kuma ba a daɗewa sai tambayar da ke fuskantar kowace babbar makaranta ta taso: ina za a ajiye motoci, kuma yaya za a yi da wadda aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba, ko wadda mai ita ya yasar ya yi gaba abinsa?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mahukunta ita ce a kira janwe, a ja motar zuwa wani fili a kulle, mai ita ya zo ya biya tara ya karɓa. Ban ce kada a yi haka ba. Hukumar makaranta tana da iko a kan harabarta, kuma wajibinta ne ta ga hanyoyi a buɗe suke. Abin da nake cewa shi ne janwe ita ce matakin ƙarshe, kuma akwai ayyukan da tilas ne hukuma ta gama su tukuna, in ba haka ba gyaran da aka yi niyya sai ya koma zalunci, ko ya koma hanyar ci da gumin mutane. Gara a tsara abin tun makarantunmu suna da ƙuruciya, filayensu kuma da sauran sarari, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar magana ce. Hanyar da ke ratsa tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai ita ce hanyar da motar kwana-kwana za ta bi ranar da wutar lantarki ko risho ya kama katifa da tsakar dare. Ƙofar asibitin makaranta ita ce inda za a sauke ɗaliba mai ciwon asma ko wanda maciji ya sara. Wanda ya tsayar da motarsa a irin waɗannan wurare ya ce minti biyar kaɗai zai yi, bai san ko cikin minti biyar ɗin nan ne za a bukaci hanyar ba. A nan ba ni da tausayi ko kaɗan. Motar da ta tare hanyar gaggawa a ja ta nan take, ko ta wane ne, a yi bayani daga baya.

Sai dai mu lura, abubuwa biyu ne ake gwamutsawa a wuri guda. Motar da aka ajiye a inda bai dace ba daban, motar da aka yasar daban. Ta farko mai ita yana kusa, watakila yana cikin aji ko ofis, kafin la'asar zai fito. Ta biyu kuwa ta yi watanni, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashinta, ɓeraye sun yi gida a cikin kujerunta. Maganin wannan ba ya yi wa waccan.

Mu fara da ta farko. Su wa ke da motocin nan? A makarantun da ke wannan yanki, yawancin ɗalibai da ƙafa suke zuwa, ko a keke, ko a babur, ko su shiga A Daidaita Sahu. Motar da ka gani ta gicciye a ƙofar ɗakin taro, galibi ta malami ce ko ta babban ma'aikaci ko ta baƙon da ya zo ganin wani babba. Watau doka ce da za ta fi hawa kan manya, mutumin da aka ɗora wa aiwatar da ita kuwa mai gadi ne, wanda albashinsa da ƙarin girmansa suna hannun waɗannan manyan. Kowa ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. Mai gadi ya ga motar shugaban sashe sai ya kau da kai, ya ga babur ɗin ɗalibi sai ya zare filogi ya tura shi ofis. Ɗalibin da ya ga haka ya ɗauki darasi wanda ba ya cikin manhaja, zai kuwa tafi da shi ofishin gwamnatin da zai zauna nan gaba. Saboda haka in za a yi dokar, shugaban makaranta ya fara sa hannu cewa motarsa ma tana ciki, ya kuma tsaya bayan mai gadin da ya liƙa wa motar wani babba takardar gargaɗi.

Sa'an nan sai a tambayi dalilin da ya sa mutum ke barin filin ajiye mota ya hau kan ciyawa ko ya matse a gefen gini. Sau da yawa inuwa yake nema. Wanda ya san ranar watan Afrilu da Mayu a wannan ƙasa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san motar da ta wuni a fili ba a iya taɓa sitiyarinta da azahar. Filin ajiye mota da ba shi da bishiya ko rumfa, mutane za su guje shi ko an kafa alluna goma. Dashen darbejiya da shafa fenti a ƙasa a nuna inda kowa zai tsaya, da allo a rubuce da Hausa da Turanci a bakin ƙofa, sun fi sayen janwe araha, kuma su ne ke ba hukuma bakin magana. Ba a kama mutum da laifin ƙetare layin da ba a ja ba.

A nan ne maganar doka ta shigo, kuma ina roƙon magatakardan makarantu su duba ta da kyau. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 44, ya hana a ƙwace dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar da doka ta tanada. Sashe na 36 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, ya kuma ce ba a hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta shi da horonsa a cikin doka ba. Kotuna ba sa wasa da wannan. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa babu dokar da ta ba jami'an duba lafiyar motoci na Birnin Tarayya, waɗanda aka fi sani da V.I.O., ikon tsare motocin mutane ko ɗora musu tara. To, idan hukumar gwamnati mai kaki da ofis ta gamu da irin wannan hukunci, ina ga sashen tsaro na makaranta wanda ba shi da abin nunawa sai umurnin baki? Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kawar da motar da ta tare babbar hanya ne domin dokarta ta ce ta yi. KAROTA a Kano doka ce ta Majalisar Jiha ta kafa ta. Jami'a ma doka ce ta kafa ta, dokar kuma takan ba majalisar gudanarwarta ikon yin ƙa'idoji. Sai a bi ta wannan ƙofa: a rubuta ƙa'idar, majalisa ta amince, a buga ta cikin littafin da ake ba sabon ɗalibi da sabon ma'aikaci, a kafa ta a allo domin baƙo wanda bai taɓa sa hannu a kan kome ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da wani zai kawo shawarar a ba ɗan kwangila aikin, a riƙa raba kuɗin tara da shi. Daga wannan rana mai janwe ba ya fatan a gyara ajiyar mota, fatansa a ɓata, gama a nan abincinsa yake. Wannan ba zato ba ne. A Ingila an daɗe ana kuka da kamfanonin da ke ɗaure ƙafar motocin mutane a filaye masu zaman kansu suna karɓar kuɗi masu yawa kafin su kwance, har ta kai a 2012 aka yi dokar da ta mai da yin haka ba tare da izinin doka ba laifi. A Legas kuma, a watan Satumba na 2022, gwamnati ta yi gwanjon motoci 134 waɗanda aka ƙwace ko aka yasar, jama'a suka ga hotunan masu motocin suna hawaye a wurin gwanjon, aka yi ta muhawara a kan ko horon ya yi daidai da laifin. Legas dai tana da hujjar cunkoso wanda mu ba mu da shi. Makarantar da ke zaune a kan fili mai faɗi a Kafin Hausa ko Haɗejiya ba ta da dalilin mai da tara hanyar samun kuɗin shiga. In za a karɓi wani abu, ya zama daidai da abin da aka kashe wajen ja da tsaro, a biya a banki ko ofishin ma'aji, a ba da rasit mai lamba. Kuɗin da ya shiga aljihun mai gadi a bakin ƙofa sunansa cin hanci, ko da an kira shi tara.

Yanzu sai motar da aka yasar, a nan kuwa ya kamata a yi hattara ƙwarai, domin ba kowace mota mai ƙura ce ba ta da mai ita. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu suka koma babur, ba don sun yafe su ba sai don albashi ba ya ɗaukar mai. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a 2020 kuma annoba ta rufe makarantu, kowa ya watse. Akwai malamin da ya tafi ƙaro ilmi ƙasar waje na shekara uku ya bar motarsa a gindin bishiya. Akwai kuma wadda ta fi ban tausayi, motar ma'aikacin da ya rasu, iyalinsa sun koma ƙauye, ba a raba gado ba, kowa yana jin tsoron taɓa ta. Motar nan dukiyar marayu ce. Hukumar da ta ja ta ta sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin ƙarfe ta ɗauki alhakin da ba za ta iya saukewa ba.

Ba mu bukatar aron hikima daga ko'ina a kan wannan. Tun zamanin kakanni, in an tsinci akuya ko jaki a gari sai a kai gidan mai unguwa, a yi cigiya a kasuwa da masallaci, a jira mai shi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Haɗejiya sun ce a yi shelar tsintuwa har shekara guda, kuma in mai ita ya bayyana daga baya haƙƙinsa bai faɗi ba. Mota kuwa ta fi akuya sauƙin nema, tun da tana da lamba, lambar kuma tana da rajista a ofishin lasin. Sai a liƙa mata sanarwa mai kwanan wata, a rubuta wa sashen da mai ita yake aiki, a duba fayil ɗinsa a ga wanda ya rubuta a matsayin magajinsa, a yi cigiya a gidan rediyo. In wa'adi ya cika ba wanda ya zo, a kai ta wurin ajiya. Maganar sayarwa kuwa kada makaranta ta yanke ta ita kaɗai a cikin ofis. A nemi izinin kotu, a yi gwanjon a bainar jama'a, a hana ma'aikatan da suka shirya gwanjon saye da sunan ƙannensu, a ajiye abin da ya rage na kuɗin da sunan mai motar.

Amma bari in juyo ga 'yan'uwa ma'aikatan gwamnati, domin in ana ƙidayar matattun motoci, waɗanda suka fi yawa ba na mutane ba ne. Shiga harabar kusan kowace sakatariya ko ofishin gona ko babban asibiti a ƙasar nan, ka zaga baya, za ka tarar da su a jere a kan duwatsu: bas ɗin ma'aikata, motar ɗaukar marasa lafiya, tarakta, tankar ruwa, kowace da tambarin hukuma a ƙofarta. Yawancinsu ba babban ciwo ne ya kwantar da su ba. Wata famfon mai ne ya lalace, aka rubuta takardar neman kuɗin gyara, takardar ta kwanta a tire. Bayan wata biyu aka ari batirinta aka sa wa wata, sai taya ta bi, sai fitila, sai aka wayi gari babu injin. Ba wanda ya sace ta gaba ɗaya, ba kuma wanda za a tuhuma. Jami'in da ya kamata ya kira kwamitin duba kayan gwamnati a rubuta cewa ta mutu a yi gwanjonta, tsoro yake ji kada a ce ya sayar da dukiyar hukuma, ya gwammace ta ruɓe a gabansa har ya yi ritaya. Alhali kuwa hanyar tana nan a rubuce: dokar sayen kayan gwamnati ta Tarayya ta 2007 tana da babi a kan yadda ake rabuwa da kayan da suka tsufa, jihohi ma suna da nasu tsarin. Motar da za a iya sayarwa da daraja a shekararta ta farko da kwanciya, bayan shekara biyar sai dai a auna ta a sikeli. Makarantun gaba da sakandare ba su fi ƙarfin wannan cuta ba, tun da su ma suna da motocin hukuma kuma tsarin aikinsu ɗaya ne da na sauran ma'aikatu. Hukumar da ke son jan motar wani ta fara leƙa bayan ofishin ayyukanta, kada a yi mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da mu, wanda mai tsara irin wannan doka a kan tudun Zariya ba lalle ne ya tuna da shi ba, watau ruwa. Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri a cikin kwarin kogi suke. Kogin Kano da aka datse a Tiga a 1974, da kogin Challawa da aka datse a 1992, su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Tun da aka soma sako ruwa rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, in damina ta yi ƙarfi sai ruwan ya nemi hanya ta cikin gonaki da gidaje. Mutanen yankin ba su manta da 2020 ba, balle 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wanda ya ga samari suna kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa ya san darajar kowace magudanar ruwa. Mataccen bas da aka bari a kan lambatu yana tare leda da yayi da ƙasa, ruwan da ya kamata ya wuce sai ya juya cikin aji ko ɗakin kwana. Tsohuwar taya tana riƙe ruwa ta zama gidan sauro. Baƙin mai da ruwan batir kuwa suna bin ruwan sama su gangara fadama, inda ake noman shinkafa ana kama kifin da ake kaiwa kasuwar Haɗejiya. Wannan kaɗai ya isa hujjar kwashe matattun motoci kafin saukar ruwa.

Hujjar nan tana da kaifi biyu. Motar da hukuma ta ja ta kulle ta zama amana a hannunta. A al'ada, filin da ake ware wa irin wannan ajiya shi ne wanda ba wanda ke so, can ƙarshen haraba, kuma a ƙasa irin tamu filin da ba wanda ke so galibi kwari ne. Sai a ja motar mutum lafiya lau a watan Yuli saboda ta tsaya a inda bai dace ba, ya yi jinkirin haɗa kuɗin tara, ruwan Agusta ya zo ya shanye ta har gilashi. Motocin yanzu kuwa cike suke da waya da na'ura, wadda ruwa ya shiga cikinta da wuya ta koma daidai. Wa zai biya? Laifin da bai wuce gargaɗi ba ya ci wa mutum abin da ya yi shekaru yana tarawa. Don haka filin ajiya ya zama a kan tudu, da shinge da fitila da mai gadi. Kafin a ɗaga mota a ɗauki hotonta ta kowane gefe, a rubuta abin da ke jikinta, daga safaya har jak, mutum biyu su sa hannu. A kuma tabbata mai janwen ya san aikinsa, domin motar da ke canza giya da kanta in aka ja ta da igiya tayoyin da ke tura ta suna ƙasa, ana iya lalata giyar, gyaranta kuwa ya ninka tarar sau da yawa. Makarantar da ba ta da halin yin waɗannan, gara ta tsaya a kan takardar gargaɗi da hana motar shiga haraba na ɗan lokaci, wanda shi ma horo ne mai ciwo ga wanda ya saba tsayawa a ƙofar ofis.

Ga ɗalibai kuma, kada ku ce wannan rigimar masu motoci ce ba ruwanku. Duk ƙa'idar da aka rubuta domin mota, a kan babur da keke za a fara gwada ta. Ƙungiyar ɗalibai ta nemi kujera a kwamitin da zai tsara ta, ta nemi a ware wa babura wuri mai inuwa kusa da azuzuwa, ta kuma dage a kan cewa wanda aka kama wa abin hawa yana da inda zai kai ƙara cikin kwana biyu ko uku, a gaban mutanen da ba su ne suka kama ba. Ɗalibin da aka tsare wa babur a makon jarrabawa, yana zuwa daga Malam Madori ko Auyo, an hana shi jarrabawar ke nan ko da ba a faɗa ba. Ku ma kuma ku daina jera babura a bakin matakala da ƙofar ɗakin karatu, inda mai keken guragu ba zai sami hanyar wucewa ba.

Lokacin yin wannan aiki shi ne rani. Daga Janairu zuwa Afrilu ƙasa ta bushe, janwe tana iya shiga ko'ina ba ta kafe ba. A cikin watannin nan ne ya kamata magatakarda da daraktan ayyuka da shugaban masu gadi su zaga haraba da ƙafa, su rubuta lambar kowace motar da ta kwanta, ta hukuma a shafi ɗaya, ta mutane a ɗaya shafin, su sa alama a kan waɗanda ke bisa magudanar ruwa. Na hukuma a kira musu kwamiti a cikin watan. Na mutane a aika wa masu su takarda, a ba su wa'adin da zai cika kafin ruwan farko na watan Yuni.